Kafin Ki Sayar da Sarƙarki Ki Sayi Fili a Zawaciki

   Wadda ke gaban murhu ta ɗan rage wuta, wadda ke kan keken ɗinki ta ɗan sassauta ƙafa, domin zancenmu na yau na kuɗi ne. Kuma ba kuɗin cefane ba, naki na kanki, wanda kika tara da ƙuli-ƙuli da kitso da ɗinkin hula da zubin adashi.

Da yawa daga cikinku kun aiko da tambaya a kan sayen fili, kuma sunan da ya fi yawo a cikin saƙonnin shi ne Zawaciki. Wata ta ce ƙaninta ne ya kawo mata labarin fuloti mai sauƙi, wata ta ce maƙwabciyarta ta saya har ta ninka kuɗinta, wata kuma gadon mahaifinta ne ya fito, tana tsoron kada ya narke a biki da anko. Tsoron nan yana da dalili. A farkon 2023 ana canjin Dalar Amurka ɗaya a hukumance a kan wajen Naira 460, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Wadda ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa a tsakanin nan, kuɗin suna nan yadda ta ƙirga su, sai dai abin da za su saya ya zube. Kafin wannan ma ga canjin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mata da yawa suka fasa asusu suna neman wanda zai kai musu banki. Saboda haka idan mace ta ce gara ta mayar da kuɗinta ƙasa, tunda ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta yi wauta ba. Sai dai ke da ba kya fita, sayen fili yana da wani haɗari a gare ki wanda namiji ba shi da shi. Shi zai je ya taka, ya ga maƙwabta, ya shiga ofis. Ke kuwa labari za a kawo miki har ɗaki. An ce ba a cinikin biri a sama, to mu duba yadda za ki sauko da birin nan ƙasa ba tare da kin taka ƙofar gida ba.

Da farko, me ya sa Zawaciki? Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, a kan hanyar Panshekara. Rukunin masana'antu na Challawa yana nan kusa, na Sharada yana tsakaninsa da cikin gari. Na Bompai ne ke can ɗaya gefen birnin, shi ne kuma mafi tsufa a cikin ukun. Inda duk kamfanoni suke, akwai leburori da direbobi da masu gadi da ƙananan ma'aikata masu neman ɗakin haya. Ban da wannan, a watan Yuli na 2021 a Zawaciki Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna, a watan Janairu na 2023 kuma ya dawo ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a nan garin. Tashar tsandauri tasha ce ta kayan jirgin ruwa amma a kan tudu, wato kwantenar ɗan kasuwa ta taho daga bakin teku, a zo nan jami'an kwastan su duba ta, maimakon ya tafi Legas. Wannan ne ya sa dillalai suke rantsuwa cewa gobe wurin zai zama zinare.

Wataƙila ya zama. Amma ki riƙe wannan: tun wajen 2006 aka ba da izinin gina tashar nan, ba a buɗe ta ba sai 2023. Wadda ta sayi fili a farkon labarin da niyyar ta sayar bayan shekara biyu ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, 'yar ta yi aure har ta aurar kafin a yanka ƙyalle. Fili ba sarƙar gwal ba ne da za ki aika da ita kasuwa da safe, kuɗi su dawo kafin la'asar. Ranar da kika matsu, ranar mai saye zai taya da wulaƙanci. Kuɗin da za ki iya mantawa da su na shekaru su ake sa wa a fili, ba jarin sana'arki ba.

Yanzu ga wata magana da za ta ba wasunku mamaki. A dokar Najeriya babu wanda yake sayen ƙasa ita kanta. Tun ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana saboda jama'a. Mu a Arewa ma abin ba sabo ba ne, domin Turawa sun yi irin wannan doka tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa ta sake ta a 1962. Abin da kike saye shi ne izinin zama da amfani. A cikin birni gwamna ne ke ba da izinin, kuma na gidan zama yawanci na shekara 99 ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke bayarwa. Takardar da ke tabbatar da wannan izini ita ce takardar shaidar mallaka, wadda muka fi sani da satifiket. To tunda izini ne, yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan wannan ya ginu.

Filayen da za a kawo miki talla iri biyu ne. Akwai awon gwamnati, wanda hukuma ta yanka da kanta, ta fitar da titi da kwata, ta ware wurin makaranta da masallaci da maƙabarta, kowane fuloti da lambarsa da fayil ɗinsa a ofis. Akwai kuma awon igiya, inda mai gona ko wanda ya sayi gonar zai kira masu awo su yayyanka ta ƙanana, a bar ɗan lungu wanda ko amalanke da ƙyar take juyawa, a sayar da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Awon igiya shi ne talaka yake iya saye, kuma unguwanni da yawa a Kano haka suka tashi, ba zan ce miki duk wanda ya saya ya yi asara ba. Amma gwamnatocin Kano sun sha hana shi, kuma takardar mai unguwa shaida ce kawai cewa an yi ciniki a gabansa, ba izinin gwamna ba ce. Ranar da za a fitar da titi, ba ita za a duba ba. Idan ƙarfinki na awon igiya ne, ki saya kin san abin da kika saya, kamar mai sayen rariya, ki kuma sa a ranki cewa akwai sauran aiki na neman takardar hukuma.

A wuri irin Zawaciki wannan ya fi muhimmanci, saboda abin da ke ɗaga darajar wurin shi ne kuma yake cin filaye. Layin dogo yana son hanya, manyan motoci suna son titi mai faɗi. Doka ta ba gwamna ikon soke izinin kowa idan za a yi aikin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da aka yi a kan filin ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba ta kuɗin da kika biya dillali ba. Fili fetal wanda babu ko bulo ɗaya a kansa, babu kuma takardar hukuma, mai shi ba ta da bakin magana sosai. Saboda haka idan an ce miki filin yana dab da layin dogo ko bakin babban titi amma kuma da araha, ki tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

To wa zai zama idonki? Dole sai da wakili, maigida ko wa ko ƙane ko ɗanki babba. Shawarata, kada wanda ya kawo tallar ya zama shi ne mai binciken. Ko ɗan uwanki ne, idan yana da la'ada a cikin cinikin, idonsa ba zai ga aibi ba. Ki sami mutum na biyu wanda ba ya cin ko kwabo a ciki. Ki kuma ba shi aiki dalla-dalla, kada ki ce masa kawai je ka gano mini.

Ya je da kansa ya tsaya a kan filin, ya kira ki ta waya mai hoto ki ga gabas da yamma, ki ga abin da ke maƙwabtaka da shi. Wayar nan da muke kallon girki da ɗinki a cikinta, ga ranarta. Ya tambayi maƙwabta, ba a gaban dillali ba, filin wane ne, an taɓa rigima a kansa? Ya je wurin mai unguwa da dagaci. Idan filin awon gwamnati ne, ya karɓi lambar fayil ya tafi hukumar KANGIS, wadda ke ajiye bayanan filayen Jihar Kano a kwamfuta, ya biya kuɗin bincike a hukumance a ba shi rasit. A nan za a ga sunan wanda ke kan fayil ɗin, ko shi ne mai sayarwa, ko an jinginar da takardar a banki, ko akwai bashin gwamnati a kai. Sannan a ɗauki safiyo ya je ya tabbatar cewa filin da aka nuna shi ne wanda ke jikin takarda. Ana nuna wa mutum fili mai kyau a bakin hanya, takardar kuwa ta wani ce can cikin kwari. Kuɗin safiyo da na bincike, kada ki yi ƙyashinsu.

Idan da hali, a ga filin da damina. Filin rani duk ɗaya ne, sai ruwan Agusta ya sauka ake sanin wanda yake tafki. A yankin nan kuma akwai ƙarin abu biyu. Na ɗaya, ruwan masana'antu. Challawa da Sharada suna da kamfanonin jima, kuma an daɗe ana kuka da dagwalon da ke fita daga cikinsu yana bin rafin Salanta da magudanai zuwa kogin Challawa, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi. Wakilinki ya shaƙi iskar wurin da yamma, ya tambayi maƙwabta yadda ruwan rijiyarsu yake. Na biyu, manyan wayoyin lantarki, domin babbar tashar rarraba wuta tana Kumbotso. Ƙa'ida ita ce a bar mita 25 kowane gefe daga layin wuta mafi girma, mita 15 daga mai bi masa. Filin da ke ƙarƙashin waya ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode.

Filin gado kuma sai an yi taka-tsantsan. Sau da yawa babban wa ne zai sayar, ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba, bayan shekara biyar sammaci ya iso gare ki. A nemi takardar rabon gado ta kotu, ko kuwa duk magada, maza da mata, su sa hannu. Ke ma da aka sayar da na mahaifinki ba da saninki ba, ai ba za ki yi shiru ba.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe, wato sunan da za a rubuta. 'Yar uwa, sunanki za a rubuta. Sunanki na yanka da na mahaifinki, yadda yake a katinki na ɗan ƙasa, ba Maman wane ba, ba Hajiya kawai ba. Na san abin da wasu za su ce: ai da ni da maigida duk ɗaya ne, idan na ce a sa sunana zai ga kamar ban yarda da shi ba. Ba zargin maigida nake yi ba, Allah Ya ƙara wa mazajenmu rufin asiri. Amma rai ba a hannunsa yake ba. A ce kin sayar da gwal ɗinki an sayi fili na Naira miliyan 4, aka rubuta sunansa don sauƙi. Ranar da ta Allah ta kasance, mai rabon gado takarda zai duba, filin ya shiga cikin dukiyar mamaci. Idan akwai 'ya'ya, rabon matan aure tumuni ne, ɗaya bisa takwas, wato Naira 500,000 a cikin miliyan 4. Idan ku biyu ne, ke da abokiyar zamanki, kowacce ta tashi da 250,000. Filin da kika saya da guminki ke nan. Za ki ce akwai waɗanda suka sani, to wa zai tsaya a gaban alƙali ya rantse, alhali shi ma yana da rabo a ciki?

Musulunci bai haɗa dukiyar mace da ta mijinta ba. Sadakinki naki ne, gadonki naki ne, ribar sana'arki taki ce. Kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya rubuta bai yi rashin kunya ba. Ki faɗa wa maigida da lafazi mai daɗi, a lokacin da ya dace, ke kin fi ni sanin lokacin. Namijin kirki ma shi zai fara cewa a sa sunanki, don ya huta da nauyin amana.

Haka nan mai sayar da kadararta ta ƙara ɗaki ko ta yi rufi a gidan miji, a fayyace tun farko: bashi ne, ko kyauta, ko tarayya? A rubuta, mutum biyu su sa hannu. Idan kuma shi ne ya ce ya ba ki fili kyauta, Allah Ya saka masa, amma kada ki tsaya a kan godiya. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. Idan mai kyautar ya rasu kafin haka, ta koma gado. Karɓa a nan ita ce a miƙa miki takardu a gaban shaidu, wakilinki ya je ya kewaye ko ya sa alama, a fara sauya suna. Mai son saya wa ƙananan 'ya'yanta kuma ta sani cewa doka ba ta yarda gwamna ya ba wanda bai kai shekara 21 ba izinin fili kai-tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa, saboda haka a nemi lauya ya tsara.

Wajen biya, ki tura kuɗin daga asusunki na banki zuwa asusun mai filin, wanda sunansa ke jikin takarda, ba na dillali ba. Kuɗi a leda ba su da shaida. Ko kafin alƙalami ne a rubuta shi. Takardun asali kuma su kwana a ɗakinki, a cikin leda a ƙasan akwati inda ruwa da gara ba sa kaiwa, ki ɗauki hotonsu a waya, ki ba wani amintacce kwafi.

Sayen fili mai satifiket bai ƙare ranar da aka biya ba. Doka ta ce ba a sayarwa ko jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna, wato sai an kai takardar cinikin ma'aikatar ƙasa, an biya kuɗin hatimi da na rajista, an mayar da fayil ɗin sunanki. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda kuɗi da jeka-ka-dawo, sai ka ga fili ya wuce hannu biyar amma a ofis sunan mutumin farko ne. Kada ki ɗauka wasa ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da wani banki ya karɓa, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, don kawai ba a nemi amincewar gwamna ba. Idan banki da lauyoyinsa ya faɗi a kan wannan, ina ga ni da ke? A ƙarshen 2024 ma gwamnatin Kano ta fito da shirin sabunta takardun filaye, ta ce masu tsofaffin satifiket su kai a sake musu. Idan za a sayar miki da fili, a tambaya ko an sabunta tasa.

Sai haraji, wanda shi ne mata suka fi mantawa da shi, domin ba ya zuwa ya yi sallama a ƙofar gida. Duk mai satifiket akwai kuɗin ƙasa da zai riƙa biyan gwamnatin jiha kowace shekara. Idan an yi gini, ƙaramar hukuma ma tana da nata harajin gine-gine. Kuɗin ƙasa na shekara ɗaya ba shi da yawa, amma yana taruwa, kuma filin yake bi, ba mutum ba. Idan mai sayar miki ya shekara goma bai biya ba, ranar da kika je sauya suna ke za a miƙa wa lissafin. Don haka a cire bashin daga cikin kuɗin ciniki tun kafin a biya. Rashin biya kuma yana cikin dalilan da doka ta yarda a soke izini a kansu. A watan Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya kuɗin ƙasa ba, cikinsu har da manyan ma'aikatu da ofishin jam'iyya. Abuja daban, Kano daban, amma dokar ɗaya ce. Ki ware ranar da ba za ki manta ba, misali bayan ƙaramar salla, ki aiki wakilinki ya biya ta banki ya kawo miki rasit, ki haɗa da takardun. Rasit ɗin nan ma wata shaida ce cewa filin yana hannunki. A jikin takardar kuma akwai wa'adin da aka ba mai fili ya yi gini, a karanta miki shi. Ko ba ki da ƙarfin gini, ki yi ƙoƙarin katanga ko harsashi, ki sa a riƙa leƙawa, domin filin da aka bari shekaru babu mai zuwa shi ne 'yan sayar da na wani suke nema.

Wata ta tambaya game da abin da ɗanta ya gani a intanet, wai a Amurka ana sayen bashin harajin gidaje a ci riba. Gaskiya ne akwai shi a wasu jihohinsu. Idan mai gida ya kasa biyan haraji, hukumar yankin takan yi gwanjon bashin. Mai kuɗi ya biya mata, shi kuma mai gidan sai ya biya mai kuɗin da ruwa a kai, a jihar Fulorida ruwan yana iya kaiwa 18 cikin ɗari a shekara. Idan shekara biyu ta wuce bai biya ba, mai bin bashin yana iya neman a sayar da gidan. Amsata biyu ce. Ribar da ke cikinsa kuɗin ruwa ce tsantsa, wannan kuwa kin san hukuncinsa. Sannan babu irin wannan kasuwa a Najeriya. Duk wanda ya zo ya ce miki gwamnatin Kano tana sayar da gidajen waɗanda suka kasa biyan haraji a ɓoye, ki kawo kuɗi a sa sunanki, ki rufe ƙofarki.

Abin da muke da shi mai kama da wannan shi ne jingina: mai gida ya matsu, ki ba shi kuɗi, ki riƙe gidan ko gonar kina karɓar haya ko amfani har ranar da ya dawo da kuɗinki cif. Mata masu ɗan hali suna son sa saboda uwar kuɗi ba ta taɓuwa. To a nan ma sai kin tambayi malami kafin ki shiga, domin malamanmu na Malikiyya ba su yarda wanda ya ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa ba. Ta fuskar doka kuma gidan ba naki ba ne, idan mai shi ya rasu ko ya sayar a ɓoye, sai shari'a.

Idan Allah Ya hore gini, kafin a sa bulo a nemi izinin hukumar tsara birni, KNUPDA, a kai mata zanen gini ta amince. Jan fentin da kuke ji ana shafa wa gine-gine nata ne. Kuma dukkanmu mun ga rusau na watan Yuni 2023, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da wasu wurare, tana cewa filayen jama'a ne aka sayar ba bisa ƙa'ida ba. Da yawa daga masu su suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su, har maganar ta kai kotu. Ba siyasa na kawo muku ba. Abin da ya shafe mu shi ne, filin da aka yanko daga makaranta ko maƙabarta ko masallacin idi ko jikin badala, ko da takarda, gwamnati tana sauyawa.

Mai niyyar gina ɗakunan haya saboda ma'aikatan kamfani ta yi lissafi da sanyin rai. Kamfanonin Kano da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990 saboda matsalar wuta da shigowar kayan waje, kuma idan kamfani ya sallami ma'aikata, mai gidan haya ce ta biyu wajen jin zafin. Ki rubuta yarjejeniya da kowane ɗan haya, ki kuma tanadi littafin rasit. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairu 2026 ta ba ma'aikaci rangwame a kan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da yake biya, har zuwa Naira 500,000, saboda haka masu albashi za su riƙa neman shaidar biya daga hannunki.

Saura zakka, tunda wata Hajiya ta tambaya. Filin da kika saya don ki gina ki zauna babu zakka a kansa. Wanda kika saya ki ajiye sai ya yi tsada ki sayar, a Malikiyya za ki fitar da zakkar shekara ɗaya ne ranar da kika sayar, idan kuɗin sun kai nisabi, ko da ya shekara goma a ajiye. Mai saye da sayarwa a kai a kai kuwa hukuncinta na ɗan kasuwa ne, duk shekara za ta ƙiyasta. Gidan haya ba a fitar wa ginin, sai kuɗin hayar idan sun taru sun kai nisabi sun shekara. Ki aika a tambayar miki malamin unguwarku da bayanin naki filin, don niyyar da kika saya da ita ce ke raba hukuncin.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu ɗauki tambayar da ta fi kowacce yawa bayan wannan, wato yadda mace za ta nemi rabonta na gidan gado a kotu ta hannun wakili. Wadda ke da takardar fili a ɗaki ta ciro ta yau, ta sa a karanta mata sunan da ke jiki da shekarar da aka biya kuɗin ƙasa na ƙarshe, ta aiko mana da abin da ta gani.